Wasa Mai Wuyar Yi: Sharhi a Kan Faifan Ella da Louis na 1956

Ranar 16 ga Agusta, 1956, mutum shida suka shiga sutudiyon kamfanin Capitol da ke Holiwud a Amurka, suka ɗauki waƙoƙi 11 a yini guda. Mawaƙan biyu ne, Ella Fitzgerald mai shekara 39 da Louis Armstrong, wanda kuma mai busa ƙaho ne, mai shekara 55, sauran huɗun makaɗa. Kwana ɗaya kafin nan suka yi wasa a gaban jama'a a dandalin Hollywood Bowl, ba su kuma samu wani dogon lokacin atisaye ba. Kafin shekarar ta ƙare kamfanin Verve ya fitar da faifan da suna Ella and Louis. Yau ya yi kimanin shekara 70, amma har yanzu ana sa shi a gidajen cin abinci da wuraren biki, ana kuma sauraronsa a waya a ƙasashen da yawancin mutanensu ba sa jin Turanci.

Abin da ya sa lamarin ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, in aka bi lissafin kasuwa, bai kamata faifan ya yi wannan tsawon rai ba. Babu sabuwar waƙa ko ɗaya a cikinsa. Mafi tsufa an rubuta ta a 1929, mafi sabunta kuwa ta kusa shekara goma a lokacin. A shekarar ce Elvis Presley ya kwashe hankalin matasan Amurka da sabon kiɗansa mai zafi, su kuma matasan makaɗan jaz, wato salon kiɗan da Ella da Louis ke yi, sun daɗe da komawa wani salo mai sauri da sarƙaƙiya, suna kallon Armstrong a matsayin dattijon da zamaninsa ya wuce. Ga shi waƙoƙin ba su ɗauko wani babban zance ba. Rawa ce da masoyi, da hasken farin wata, da ruwan sama da ya hana mutum biyu rabuwa, da hazon birnin Landan, da bazara a Faris. Wanda ya ji shi sama-sama zai ce ai wasa kawai suke yi.

Wasan kuwa suke yi, amma irin wasan da sai gwani ke iya yinsa. Ra'ayina shi ne sauƙin da kunne ke ji a faifan nan ginannen abu ne, an haɗa shi daga shawarwari da dama, kuma kusan kowace shawara ta ƙunshi wani ya haƙura da abin da ya fi iyawa don ya bar wa ɗan'uwansa fili.

A fara da muryoyin, don su ne ke fara kama mutum. Muryar Ella wankakkiya ce, tana sauka daidai kan sautin da ta nufa ba tare da lalube ba, kuma kowane harafi yana fita tas. Muryar Louis kuwa a dushe take, mai kaushi da gurnani, kamar maƙogwaron ya sha aiki, ga shi ba ta da nisan zango sama ko ƙasa. Da a ce muryoyin sun yi kama da juna, da dole mai sauraro ya riƙa auna wa ya fi wani. Da yake sun yi nesa da juna haka, gasar ba ta ma taso ba. In Ella ta gama baitinta Louis ya karɓa, kalmomin dai su ne, karin waƙar shi ne, amma sai ka ji kamar wani mutum daban ke ba ka labarin daga nasa ɓangaren. Ita tana ba ka waƙar yadda marubucin ya tsara ta. Shi kuma yana jinkirta wata kalma, ya gaggauta wata, ya cike gurbin da ya rage da 'yan sautukan nan nasa marasa ma'ana, salon da ya yi suna da shi tun 1926. Saboda haka waƙa ɗaya kake ji sau biyu, kuma na biyun bai zama maimaici ba.

Sai dai bambancin murya kaɗai ba ya isa. An sha haɗa mawaƙa masu muryoyi mabambanta abin ya fito a wargaje. Abin da ya ɗaure wannan haɗin shi ne shawarar da mai shirya faifan, Norman Granz, ya yanke, Ella kuma ta amince da ita: Armstrong aka bai wa babbar murya wajen zaɓen waƙoƙi, kuma a matakin sautin da ya dace da maƙogwaronsa aka rera su. Wanda bai taɓa rera waƙa tare da wani ba zai ga wannan ƙaramin abu ne. Ba ƙarami ba ne. Kowane mawaƙi yana da wurin da muryarsa ta fi haske, kuma namiji mai kaurin murya da mace mai zaƙin murya ba kasafai wurin nasu ke zama ɗaya ba. Ella ce mai faɗin zango, don haka ita ce ta sauko ta same shi. A lokacin kuwa tauraruwarta na kan ganiya, don a farkon shekarar ne ta fitar da faifanta na waƙoƙin marubucin waƙa Cole Porter da ya samu karɓuwa sosai, kuma kusan dominta Granz ya kafa kamfanin Verve ɗin. Tana da ikon cewa a bi nata. Ba ta ce ba. Ta taso tana jin Armstrong, tana girmama shi kamar yadda duk mawaƙan jaz na tsararta ke yi, kuma wannan girmamawar ana jin ta a faifan ba tare da an faɗe ta ba.

Makaɗan ma haka suka yi, har ma nasu haƙurin ya fi ba ni mamaki. Mai fiyano shi ne Oscar Peterson, ɗan Kanada, wanda aka sani da gudun yatsu da cika waƙa da ado. Mai ganguna Buddy Rich ne, mutumin da ya yi suna wajen ƙarfin duka da nuna bajinta, wanda in ya samu fili sai ya rufe kowa. A nan sai ka kasa kunne sosai kafin ka san yana wurin, don mafi yawan aikinsa shafa ne a hankali da burushin waya a kan fatar ganga. Herb Ellis na riƙe da jita yana ƙirga taki. Ray Brown kuma na kan bas, ƙaton abin kiɗan nan mai tsirkiya huɗu da ake tsayarwa a ƙasa ana tsinka da yatsa. Brown tsohon mijin Ella ne, sun yi aure a 1947 suka rabu a 1953, amma suka ci gaba da aiki tare, kuma ga shi nan yana shimfiɗa mata ƙasan da za ta taka. Mutum huɗu ne da kowannensu zai iya cika dandali shi kaɗai, amma babu wanda ya nemi a kalle shi. Peterson zai buɗe waƙa da 'yan sautuka kaɗan, ya ja baya, ya riƙa amsa wa mawaƙan a tsakanin numfashinsu. Gurbin da suka bari shi ne ya sa ake jin dariyar da ke cikin muryar Louis da ƙaramin lanƙwasan da Ella ke yi a ƙarshen layi. Da an jibga musu babbar ƙungiyar makaɗa da goge da ƙahonni, da duk wannan ya nutse.

Akwai kuma taimakon da fasaha ta yi. Kafin 1948 faifan garmaho na yau da kullum ba ya ɗaukar fiye da kamar minti uku a gefe ɗaya. Ella da Louis sun taɓa yin waƙa tare a kamfanin Decca tun 1946, amma a cikin wancan ƙuncin, inda da kowa ya yi baiti ɗaya lokaci ya ƙare. Sabon dogon faifai da kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948 yana ɗaukar fiye da minti ashirin a kowane gefe. Wannan ne ya ba da damar waƙa ta kai minti biyar ko shida, Ella ta rera ta dukanta, Louis ya rera ta dukanta, ya ɗauki ƙahonsa ya busa, sannan su haɗu a ƙarshe. Rashin gaggawar da ke sanyaya zuciyar mai sauraro, wani ɓangarensa daga nan ya fito.

Waƙoƙin da kansu ba zan daɗe a kansu ba. Yawancinsu an rubuta su ne domin wasannin dandali da finafinan shekarun 1930. Biyu na Irving Berlin ne, daga fim ɗin Top Hat na 1935 wanda Fred Astaire ya fito a ciki, biyu kuma na 'yan'uwan nan George da Ira Gershwin. Gininsu mai sauƙin riƙewa ne: karin farko, a maimaita shi, a ɗan kauce, a dawo gida. Jama'a sun riga sun haddace su, don haka hankalin mai sauraro ba ya kan me za a ce, yana kan yaya za a ce.

Dangantakar da ke fitowa tsakanin mawaƙan biyu ita ce, a ganina, zuciyar faifan. Kalmomin na soyayya ne, amma ba ka jin saurayi da budurwa. Abin ya fi kama da wasan taubasai, inda tsokana ke tafiya a kan amana, kowa ya san iyakarsa, kuma zolayar da kanta shaida ce ta kusanci. A saurari "Tenderly". Louis ne ke buɗe ta da ƙaho, a hankali, kusan ba ya ƙara komai a kan karin. Ella ta shigo ta rera ta da natsuwa. Da ya karɓi rerawa, sai ta koma bayansa tana yi masa ɗan amo a ƙasa-ƙasa, kamar tana riƙe masa fitila. Waƙar na gab da ƙarewa, mai sauraro ya gama shiga yanayi na taushi, sai Ella ta kausasa maƙogwaronta ta kwaikwayi gurnanin Louis ta rufe waƙar da shi. Daƙiƙu kaɗan ne. Amma mace mai irin wannan tsabtar murya ta ari muryar dattijon da ke tsaye kusa da ita, a gabansa, a cikin waƙar da aka ɗauka da muhimmanci, kuma abin ya ƙara wa waƙar daɗi maimakon ya ɓata ta, wannan ba ya yiwuwa sai tsakanin mutanen da suka yarda da juna.

Hoton bangon faifan, wanda Phil Stern ya ɗauka, ya dace da abin da ke ciki. Suna zaune gefe da gefe a kan kujeru, ita cikin rigar gida mai zane, shi da ƙaho da hankici a hannu, farar safarsa a nannaɗe ta sauko wuyan ƙafa. Babu kwalliyar dandali. Mutane biyu ne da suka zo aiki suka zauna hutawa.

Yanzu ga inda lamarin ke da nauyi. Akwai masu ganin irin wannan faifai guje wa gaskiya ne, kuma ba za a ce ba su da hujja ko kaɗan ba. A lokacin da ake ɗaukarsa, baƙaƙen fata a birnin Montgomery na jihar Alabama suna cikin wata na tara na ƙaurace wa motocin bas saboda wariyar launin fata. A watan Afrilun shekarar wasu fararen fata suka hau dandali a Birmingham, ita ma a Alabama, suka kai wa mawaƙi Nat King Cole hari yana tsakiyar waƙa. Sai ga manyan mawaƙa biyu baƙaƙe suna haɗa murya a "Stars Fell on Alabama", waƙar da ke kwatanta daren jihar da kyau da ni'ima. Mai zafin zuciya zai iya tambaya, ina hankalinsu yake?

Zargin ya fi faɗawa kan Armstrong. Yawan murmushinsa da zare ido da wasa da hankici a dandali sun sa wasu matasan makaɗa, ciki har da Dizzy Gillespie a farko, suka riƙa ganin yana yi wa farar fata irin wasan da suke son gani daga baƙar fata. Ita ma Ella an sha cewa muryarta ta cika fara'a, ba ta ɗauke da raɗaɗi irin na Billie Holiday.

Ban yarda da wannan hukunci ba, kuma tarihin mutanen biyu ne hujjata. Armstrong ya tashi cikin baƙin talauci a New Orleans, yana yaro aka kai shi gidan horon yara baƙaƙe bayan ya harba bindiga sama a daren sabuwar shekara, kuma a can ya samu horon busa ƙaho. Ella ta rasa mahaifiyarta a 1932 tana 'yar shekara goma sha biyar, ta shiga gidan horo ita ma, ta yi zaman rashin matsuguni a unguwar Harlem ta Niyok kafin ta ci gasar sababbin mawaƙa a gidan wasa na Apollo a 1934. Kimanin wata goma kafin ɗaukar wannan faifai, a Oktoban 1955, 'yan sanda suka kutsa ɗakin shirinta a birnin Houston suka tafi da ita ofishinsu tare da Gillespie da wasu, da hujjar an ga ana caca, a daren da Granz ya cire allunan da ke raba banɗakin baƙi da na farare. Waɗannan ba mutanen da za a koya wa ma'anar wulaƙanci ba ne. Sun san shi ciki da bai, suka kuma zaɓi abin da za su rera.

Murmushin Armstrong kuma bai hana shi magana ba da lokaci ya yi. A Satumban 1957, lokacin da gwamnan Arkansas, Orval Faubus, ya sa dakaru suka tare ɗalibai baƙaƙe tara daga shiga makarantar sakandare a Little Rock, Armstrong ya fito fili ya soki shugaban Amurka Eisenhower da kakkausar murya, ya zarge shi da fuska biyu da rashin ƙarfin hali, ya kuma fasa tafiyar da gwamnati ke shirya masa zuwa Tarayyar Sobiyet. Mawaƙa ƙalilan ne masu girmansa suka yi irin wannan kasada a lokacin. Gillespie da kansa daga baya ya yarda cewa bai fahimci dattijon daidai ba. To in mutumin da ke iya wannan magana ya zaɓi ya rera waƙar rawa da murmushi, ba jahilcin halin da ake ciki ne ya sa shi ba. Na fi ganin abin a matsayin riƙe haƙƙi: ƙasar da ke hana shi shiga otal ta ƙofar gaba ba za ta kuma hana shi farin ciki ba, ba za ta ce waƙoƙin soyayya da farin wata na wasu ne ban da shi ba. Kuma ina jin wannan tarihin yana cikin sautin. Muryar Louis ko tana dariya akwai gajiyar shekaru a ƙarƙashinta, shi ya sa zaƙin faifan bai zama mai gundura ba.

Mu a wannan yanki muna da ɗan rabo a labarin. Wata uku kafin ɗaukar faifan, a Mayun 1956, Armstrong ya sauka a Akra, tun ƙasar Gana ba ta samu 'yanci ba. Makaɗan hailaif, ciki har da E. T. Mensah, suka tarbe shi, dubban jama'a suka fito kallonsa, ya kuma yi wasa a gaban Kwame Nkrumah. Tafiyar ta taɓa shi ƙwarai, har ya ce ya ga wata mata mai kama da mahaifiyarsa. A 1960 ya dawo Afirka a wata doguwar tafiya da ta haɗa da Nijeriya, kuma akwai hotonsa tare da Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, a Kaduna. Ke nan muryar da ke cikin faifan nan ta taɓa ratsa iskar Arewa, kuma akwai iyaye da kakanni da suka gan shi ido da ido.

Faifan ba ya rasa aibi, kuma masoyansa ba su cika son a faɗa ba. Takin waƙoƙin ya yi kusa da juna da yawa, yawancinsu a hankali ko tsaka-tsaki, ta yadda wanda ya saurara daga farko zuwa ƙarshe zai iya jin gefe na biyu ya ɗan yi masa tsawo. Mai neman Armstrong na shekarun 1920, wanda ƙahonsa ya canja alƙiblar jaz gaba ɗaya, ba zai same shi a nan ba. Leɓensa ya sha wahalar shekaru na busa, kuma abin da yake yi a faifan gajere ne, kusa da karin waƙa, duk da cewa kowane sauti yana da nauyi da kyau. Haka mai neman Ella da ke gudu da murya kamar ƙaho a dandali, ita ma ta ajiye wannan a gida. Abin da aka samu an biya kuɗinsa da abin da aka bari, kuma akwai ranakun da mai sauraro zai so a ce sun ɗan saki jiki sun yi zafi ko sau ɗaya.

Da alama su ma sun ji haka, don faifai na biyu da suka ɗauka a watannin Yuli da Agustan 1957, Ella and Louis Again, ya fi na farko zafi da barkwanci. Louie Bellson ne ya maye gurbin Rich a kan ganguna, faifan ya zama tagwaye, aka kuma sa waƙoƙin da kowannensu ya rera shi kaɗai. A ciki ne suka yi waƙar Gershwin ɗin nan ta masoya biyu da ke gardama a kan yadda ake furta sunan tumatir da dankali, wadda ta dace da su matuƙa saboda dama furucinsu ya sha bamban. Akwai lokuta a wannan faifan da suka fi duk abin da ke na farko armashi, amma waƙoƙin kaɗaici sun rage yawan hirar da ke tsakaninsu, wadda ita ce dalilin haɗa su tun asali.

Na uku, Porgy and Bess, an ɗauke shi a 1957 da babbar ƙungiyar makaɗa ƙarƙashin Russell Garcia, kuma aiki ne mai girma da nauyi, daga wasan waƙa na Gershwin da ke ba da labarin talakawa baƙaƙe a Charleston. Mutane da yawa sun fi ɗaukaka shi, kuma rerawar da ke ciki ta cancanci yabo. Amma wani abu ne daban. A can kowannensu yana wakiltar wani a cikin labari, goge da ƙahonni sun cika sararin da Peterson da abokansa suka bari a buɗe, kuma ba ka ƙara jin mutum shida a ɗaki ɗaya. Daga shi ba su sake yin wani cikakken faifai tare ba. Armstrong ya rasu a 1971, Ella a 1996. Wanda bai taɓa jin su ba, shawarata ya fara da na 1956, ya sa "Tenderly" da "Cheek to Cheek" da "They Can't Take That Away from Me", sannan ya wuce na 1957 in yana son ƙarin dariya, ya bar Porgy and Bess sai ranar da yake da lokaci da natsuwar bin labari.